Maganin ƙarin garkuwar jiki na jika 12: in saya ko in zuba kuɗin a tukunya?

Maman_Sadiya:
Assalamu alaikum ƴan uwa, shawara nake nema. Akwai wata mata da ke bin gidaje a unguwarmu da ruwan magani cikin kwalba. Ta ce na ƙarin garkuwar jiki ne, kwalba ɗaya jika 12, wai yaro in ya shanye biyu ya rabu da masassarar damina da zawo. Maƙwabta da dama sun saya. Yarana uku ne, babbar shekara 6, mai bi mata shekara 3, sai na goye ɗan wata 8, kuma kowace damina sai mun sha zaryar likita. Maigidan ya yarda ya ba da kuɗin kwalba ɗaya. Don Allah, akwai abin da ake sha ya ƙara garkuwar jiki da gaske? Ko in sa kuɗin cikin cefane? In cefanen ne, me zan saya?

Ɗan_Gulbi84:
Wa alaikumus salam. Kar ki saya. Ki tambaye ta wane ne ya haɗa shi, me ke cikinsa, yaushe zai lalace. In babu amsar ukun nan a jikin kwalbar, kar ya shiga bakin yaronki ko kyauta ne.

Hajiya_Bagalam:
Ɗana, ba komai ake yi wa saurin hukunci ba. Ni na saya wa jikokina irinsa bara, kuma na ga amfani da idona. Yaron da sai an bi shi da kwano ya koma yana kukan tuwo, kumatunsa suka ciko.

Infirmiye_Habu:
Hajiya, a gafarce ni, abin da kika gani shi ne ya fi tayar mini da hankali. Yaro ya buɗe ciki dare ɗaya, fuska ta yi cika ta zama zagayayya, wannan ita ce alamar ƙwayoyin nan irin su deksametazon, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. An sha kama masu haɗa magungunan da ba su da takarda suna niƙa su a ciki don mai saye ya ga canji da wuri. Aikin ƙwayar kuwa shi ne danne garkuwar jiki. Mu a likita muna ba da ita ne idan garkuwar ta yi wa jiki yawa, kamar a tsananin asma, kuma da awo da ƙayyadadden lokaci. Yaron da ya daɗe yana shan ta yana kumbura ne da ruwa da kitse, ciwo kuma ya fi saurin kayar da shi. In yana kan sha har yanzu kuma ya kai makonni, kar a yanke masa lokaci guda, a kawo shi a duba a rage masa sannu a hankali.

Maman Sadiya, ga amsar tambayarki. Garkuwar jiki ba abu ɗaya ba ce da za a ɗura a cika. Fata na cikinta, majinar hanci da maƙogwaro na cikinta, tsamin ciki da ke kashe ƙwayoyin cuta, bangon hanji, sai fararen ƙwayoyin jini da muke ce wa sojojin jiki. Kullum jiki yana ƙera sababbinsu, kuma da abinci yake ƙera su: abinci mai gina jiki kamar wake, ƙwai, kifi, nono, sai bitamin A, zinki da sinadarin ƙarfe. Wanda jikinsa ya rasa waɗannan, in aka ba shi sai garkuwarsa ta dawo daidai. Wanda yake da su isassu, ƙari ba ya ƙara masa komai.

Abin da muke gani kullum shi ne zagaye. Yaro ya yi zawo, ya ƙi cin abinci, ya rame, ramar ta raunana hanjinsa, sai wani zawon ya sake kama shi da sauƙi. Ta baki biyu ake tsinka zagayen nan: a ƙara abin da ke shiga na gina jiki, a rage ƙazantar da ke shiga tare da shi.

Hajiya_Bagalam:
To, na ji. Amma mu da muka tashi da sassaƙe da saiwa ai ga mu da rai.

Zuwaira_Mokoyo:
Inna Hajiya, waɗanda suka rayu su ne ke ba da labari. Kakata ta haifi goma sha ɗaya, biyar suka girma. Sauran ƙyanda da zawo da masassara suka ɗauke su tun ba a yaye wasu ba. Allah ya jiƙan su.

Manomin_Jiratawa:
Ɗiyata Maman Sadiya, ki zo Jiratawa ki ga zogala. Muna yanka ta rani da damina ana lodi zuwa cikin gari, amma nan gidajenmu wasu sai su sayar da ita duka su sayo taliya da magi. Kuɗin kwalba wanga in kin sa su ga wake da ƙuli-ƙuli da zogala sai su kai ki nesa. Kwaɗon zogala da ƙuli da albasa da ɗan mai, wanga shi ne abincin da muka sani yana riƙe mutum. In za ki shanya ta don ajiya, ki shanya cikin inuwa bisa tabarma mai tsabta. Wadda rana ta buga har ta koɗe ta yi fari, rabin amfaninta ya tahi.

Infirmiye_Habu:
Baba ya faɗi gaskiya kan inuwa. Kuma man da ya ambata ba ado ba ne: bitamin A da ke cikin ganye sai da maiƙo hanji ke iya tsotse shi. Ko cokali ɗaya na man gyaɗa ya wadatar. Amma zogale ganye ne mai kyau, abinci ne, ba ya maganin masassarar cizon sauro.

Rabi_MaiAbinci:
Ni abin da nake so a yi magana a kai shi ne kanwa. Muna zuba ta a miyar kuka, a wake, a ɗanwake, don ya yi laushi da wuri a rage cin itace. An ce tana kashe amfanin abinci. Gaskiya ne?

Malama_Nana_SVT:
Gaskiya ne a wani ɓangare, Rabi. Kanwa tana lalata bitamin C da wasu daga cikin bitamin B, musamman B1, kuma dogon tafasa yana ƙarasa sauran. Gina jikin da wake ke yi yana nan. Dabarar ita ce ki jiƙa waken tun dare, da safe zai dahu da wuri ko da ƴar kanwa kaɗan ko babu. Jiƙon yana da wani amfanin: a cikin gero da wake akwai wani sinadari da ke riƙe ƙarfe da zinki ya hana hanji ɗauka, jiƙawa da tsimawa suna rage shi. Shi ya sa kokon da aka jiƙa geronsa ya ɗan yi tsami ya fi kunun ɗanyen gari. Ganye kuma a sa shi daga ƙarshe, kar a tafasa a zubar da ruwan sai in mai ɗaci ne da ba ya ciyuwa sai da hakan.

Abu biyu kuma da nake gaya wa ɗalibaina ƴan mata, don su ne ƙarancin jini ya fi damu: lemun tsami ko tumatir ɗanye ko gwaba tare da abinci suna taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Shayi yana yin akasin haka. A bar aƙalla awa ɗaya tsakanin cin abinci da shayi.

Sani_Kabukabu:
Malama, shayin ma za a hana mu? Duk wannan lissafin na masu hali ne. Ku zo kasuwa a watan Agusta ku tambayi tiyar gero. Rumbu ya ƙare, sabo bai nuna ba, kuɗi sun tafi gona. Mai neman abin da zai sa a tukunya sau ɗaya a yini ba ya tambayar bitamin. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Zuwaira_Mokoyo:
Ba wanda ya musa maka tsada, Sani. Amma lokacin da kake faɗa shi ne lokacin da tafasa da yakuwa da lalo da rama da gasaya ke fitowa ko'ina. Kuma bari in faɗi abin da mata ke faɗa a tsakar gida ba sa faɗa a nan: magidanci nawa ne ke tsayawa wurin mai nama da dare ya ci tsire shi kaɗai, ya shigo gida hannu rabbana? Ran da aka sa nama a miya kuma, kwanon maigida ake fara cikawa, yara su samu romo. Ɗan shekara biyu ya fi ka buƙatar tsokar nan, shi ne ke gina jiki yanzu.

Sani_Kabukabu:
Ba duka maza ba, Yaya Zuwaira. Wasunmu da ruwan leda muke yini.

Alhaji_SabonGari:
Zuwaira ta taɓo inda ke ciwo, kuma ina cikin maza ina cewa ta yi gaskiya. Waɗanda suka ga 2005 a garin nan ba za su manta ba. Hatsi yana nan a kasuwa, ana ma fita da shi, kuɗin saye ne babu, iyaye mata suna layi da yara a goye a cibiyoyin tamowa. Ƙungiyar likitocin MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tsananin tamowa a Nijar a shekarar, mafi yawansu a jiharmu ta Maraɗi. Abin da ya ceci da yawa shi ne abincin nan na leda, Plumpy'Nut. Me ke cikinsa? Gyaɗa, garin madara, sukari, mai, da bitamin. Gyaɗa fa, abin da aka san Maraɗi da shi tun zamanin kakanninmu. Wannan ya isa ya sa mu yi tunani.

Infirmiye_Habu:
Alhaji, tunda ka ambace shi: leda ɗaya gram 92 ce, ƙarfinta kalori 500, kuma magani ce ta yaro mai tsananin tamowa, an ƙidaya masa adadin da zai sha gwargwadon nauyinsa. In aka raba da ƴan uwansa ko aka sayar, shi ne ba zai tashi ba. Kowace uwa ta nemi igiyar awon damtse a CSI, wato ƙaramar likita ta gwamnati, ta koyi amfani da ita, daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya, rawaya gargaɗi ne, ja kuwa ƙasa da milimita 115 ke nan, a kawo shi ranar. Haka in kin danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa gurbin ya zauna.

Malam_Limanci:
Bismillah. Kada a fahimci cewa duk abin da ba na kanti ba ne banza ne. Habbatus sauda da zuma sun zo a ingantattun hadisai, muna amfani da su muna neman albarka. Amma ban yarda da wanda zai cika kwalba da abin da ya ɓoye, ya jingina shi ga addini don ya ci kuɗin talaka ba. Kuma masu son sunna su ɗauke ta duka. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce tsarki rabin imani ne. Ya ce wanda ya tashi daga barci kada ya tsoma hannunsa cikin mazubin ruwa sai ya wanke shi sau uku. Ya yi umarni a rufe ƙwarya a ɗaure bakin salka. Ya hana yin bayan gida a kan hanya da inuwar da mutane ke zama. Gida nawa ne a cikinmu randarsu ke da murfi?

Malama_Nana_SVT:
Allah gafarta Malam, ƙari ɗaya kan zuma: kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ko lasawa. Tana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta mai shanye jiki wadda hanjin babba ke iya kashewa amma na jariri bai iya ba tukuna. Maman Sadiya, ɗan wata 8 ɗinki yana cikin wannan.

Malam_Limanci:
Madalla, Malama. Inda masana lafiya suka tabbatar da cutarwa, a bari har ya girma. Addini bai yarda da cuta ko cutarwa ba.

Maman_Sadiya:
Na gode ƙwarai, ina karantawa duka. Maganar na goyen ce ta fi damuna. Yana shan nono, ina ba shi kunun gero, amma in na dama da kauri ba ya iya haɗiyewa, in na tsinka kuma kamar ruwa nake ba shi. Uwar mijina ta hana a ba shi ƙwai, ta ce yaro mai cin ƙwai yana tashi da ɗauke-ɗauke.

Ungozoma_Tibiri:
Ƙanwata, cikin ɗan wata 8 ƙarami ne ƙwarai, in kin cika shi da tsinkakken kunu kin cika shi da ruwa ne. Ga yadda muke koya wa mata. Ki soya gero sama-sama, ki soya wake ko waken suya ki cire ɓawon, ki soya gyaɗa, a niƙa tare, geron ya fi yawa. Ki dama da kauri yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba. Sai ki nemi garin tsiro, wato geron da aka jiƙa ya fara tsira aka shanya aka daka. Ɗan kaɗan za ki barbaɗa a kan kunun yana da zafi, za ki ga ya saki ya yi ruwa-ruwa alhali ba ki ƙara ruwa ba. Ki mayar da shi wuta ya sake tafasa kaɗan. Yanzu zai haɗiye shi kuma ƙarfinsa na nan. Ki riƙa canzawa: yau garin zogale, gobe dakakken busasshen kifi da aka cire ƙaya, jibi kabewa ko mangwaro in lokacinsa ne. Sau uku a yini, nono kuma ya ci gaba har shekara biyu.

Batun ƙwai, kada ki yi jayayya da surukarki. Ki sa ɗanta ya yi mata magana, ko ki tafi da ita ranar awo ta ji daga bakinmu. Tsofaffi da yawa sun sauko da suka ga jikokin maƙwabta. A dafa shi ya dahu sosai, a murje a kunu. Damina lokacin ƙwan zabi ne, ya fi araha.

Kuma tunda akwai masu ciki a zauren nan: dakashi, nonon farko mai rawaya, kada a matse shi a zubar. Cike yake da kariyar da uwa ke miƙa wa ɗanta. Wata shida na farko nono zalla, ba ruwa, ba bauri, ba jiƙo, ko a zafin Afrilu. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne. Uwar ce za ta sha ruwa da yawa.

Hajiya_Bagalam:
Wannan na hana jariri ruwa a zafin Maraɗi har yau zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Rai ne fa.

Ungozoma_Tibiri:
Na san tausayi ne, Hajiya. Amma ruwan da za a ba shi daga randa yake, da moɗar da kowa ya sha, kuma yana cike gurbin nonon. In yana jin ƙishi a ƙara sa shi a nono, shi ke kashe masa ƙishin. Alamar ya ƙoshi ita ce yana fitsari akai-akai.

Ɗan_Gulbi84:
Mun dawo kan randar Malam ke nan. Ruwan famfo yana iya fitowa da kyau, a gida muke ɓata shi. Moɗa ta faɗi ƙasa, yaro ya ɗauka ya mayar. Hannu ya nutse har wuyan hannu. Bidon ɗin ƴan garuwa kuma wasu cikinsu ya yi kore. A tuna kwalarar 2018 da ta fara daga yankin Madarunfa ta shigo gari, ta sake dawowa a 2021. Moɗa mai dogon hannu, a rataye ta, a zuba a wani kofi a sha. A wanke randa da sabulu, ba ɗauraya kawai ba. In ruwan rijiya ne ko na tabki, a tace da ƙyalle, a tafasa ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardar, a jira minti 30.

Rabi_MaiAbinci:
Ni wanke hannu a kwano ɗaya ne ya fi ba ni haushi, musamman wurin biki da suna. Mutum ashirin su tsoma hannu a ruwa ɗaya, na ƙarshe yaro ne, shi ya kwashe dattin kowa. A rumfata na sa buta da sabulu da roba a ƙasa, ana zuba wa mutum ruwa yana wankewa. Da farko wasu sun ɗauka raini ne, yanzu su ke tambaya in ba su ga butar ba.

Sani_Kabukabu:
Sabulun ma ai kuɗi ne.

Malama_Nana_SVT:
Kuɗi ne, amma ka gwada shi da kuɗin jinyar zawo ɗaya da yinin da za ka rasa ba ka fita aiki ba. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna wanke hannu da sabulu yana rage zawo da kusan kashi ɗaya cikin uku. Garin sabulu kaɗan a gorar ruwa da aka huda murfinta yana kai kwanaki. In babu ko kaɗan, toka ta fi ruwa zalla. Lokutan da suka fi muhimmanci: bayan fitowa daga bayi, bayan wanke wa yaro kashi, kafin girki, kafin ci ko ba yaro abinci. Kashin jariri kuma ba mai tsabta ba ne kamar yadda ake ɗauka, a zuba shi a salanga, kada a watsa bayan ɗaki inda kaji da ƙuda ke bi.

Infirmiye_Habu:
Kada mu bar Maman Sadiya da tunanin abinci da sabulu sun gama komai. Ta ambaci masassarar damina. Yaro ko ya ƙoshi, sauro in ya cije shi zai kamu. Abin da ke karewa shi ne gidan sauro mai magani kowane dare, da maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana rabawa wata-wata daga Yuli zuwa Oktoba, na yara daga wata 3 zuwa 59. Ƙananan naki biyu suna ciki. Kwana uku ake sha kowane zagaye: ranar farko a gaban masu rabawa, sauran biyun ke za ki ba shi a gida. Nan ake yawan yin sakaci.

Sai katin rigakafi. Wata mai zuwa na goyenki zai cika wata 9, allurar ƙyanda ke nan, akwai ta biyu kuma a shekararsa ta biyu. Ƙyanda ba ƙuraje kawai ba ce. Binciken da aka wallafa a mujallar Science a 2019 ya nuna tana share kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na kariyar da jikin yaro ya riga ya tara daga cututtukan da ya taɓa yi. Shi ya sa za ka ga yaro ya tashi daga ƙyanda sai ciwo ya yi ta bin sa. In ana neman abin da ke koya wa garkuwar jiki aiki da gaske, allurar rigakafi ce, kuma kyauta take. Haka bitamin A duk wata shida, shuɗin ƙwanso na ƴan wata 6 zuwa 11, ja na ƴan shekara 1 zuwa 5, tare da maganin tsutsar ciki ga wanda ya cika shekara.

Abu_Ɗanisa:
Ni maganin nan na wata-wata na daina karɓa. Ɗiyata ta sha ta yi ta amai.

Infirmiye_Habu:
Yana faruwa ga wasu yara, Malam Abu, ɗaya daga cikin ƙwayoyin tana da ɗaci. A ba ta bayan ta ci wani abu. In ta amayar cikin minti 30 a gaya wa masu rabawa su sake ba ta. In kuwa ƙuraje suka feso mata ko bakinta ya yi gyambo, wannan daban ne, a tsaya a kawo ta. Aman yini ɗaya da masassarar da ke shanye jinin yaro har sai an yi masa ƙari ba ɗaya ba ne, don Allah ka sake shawara.

Abu_Ɗanisa:
Zan yi magana da uwarta. Amma ku ma ku faɗi gaskiya, tun 2006 aka ce jinyar ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, sau da yawa kuwa takarda ake rubuta mana mu je mu saya. Irin haka ne ke tura mutane wurin masu kwalba.

Alhaji_SabonGari:
Wannan ƙorafin gaskiya ne, kuma shi ya sa matar nan ke samun kasuwa. Tana zuwa har tsakar gida, tana zama ta saurari uwa, ba layi, ba tsawa. Ma'aikatan lafiya su duba wannan.

MaiƘuli_Maradawa:
Ana ta cewa gyaɗa, gyaɗa. A matsayina na mai sana'ar ƙuli da mai, ina roƙo a riƙa tsince ta. Wadda ta yi baƙi, ta yanƙwane, ta yi hunhuna ko ɗaci, a zubar. Kada a ce a niƙa ta a ƙuli ba mai ganewa, kuma kada a ba awakin da ake tatsa. Ita ce mai arahar da ake kawowa ƙarshen kasuwa.

Malama_Nana_SVT:
Allah ya saka miki. Hunhunar tana fitar da guba mai suna aflatoksin, tana samun masara ma. Suya ba ta kawar da ita. Tana cin hanta a hankali, tana da hannu a tsumburewar yara da raunin garkuwa. A busar da gyaɗa sosai kafin a zuba a buhu, a ɗora buhun a kan katako, kada ya taɓa ƙasa mai danshi.

Manomin_Jiratawa:
Malama, ina batun hwara? Mu muna cin ta da yaji, yara suna son ta. Sannan na ji ana zancen wani irin gero mai ƙarin jini.

Malama_Nana_SVT:
Fara abinci ce mai gina jiki ƙwarai, Baba, tana da ƙarfe da zinki. Sharaɗin kawai kada ta fito daga inda aka yi feshin magani. Ga ƙaramin yaro a cire ƙafafu da fukafukai a daka. Geron kuma sunansa Chakti, an fitar da shi a Nijar a 2018 daga aikin cibiyar binciken noma ta ICRISAT, ƙarfensa ya fi na geron da aka saba, kuma yana nuna da wuri. Ka tambaya a cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da ke Tarna ko wurin masu sayar da ingantaccen iri.

Hajiya_Bagalam:
Ni dai har yanzu ina ganin ba za a rasa na kirki cikin masu maganin gargajiya ba, kada a haɗa su duka a yi musu kuɗin goro. Amma jikan nawa zan sa a kai shi a duba, tunda an ce haka.

Maman_Sadiya:
Matar ta dawo ɗazu, na nemi ta nuna mini abin da ke ciki, ta ce sirrin gidansu ne. Ban saya ba. Maigidan ya ce tunda ba maganin za a saya ba a bar kuɗin, ni kuma na ce a'a, wake da gyaɗa da sabulu za su zama. Muna kan maganar. Maƙwabciyata kuwa ta ce ita za ta ƙara kwalba ta biyu. Abin da ban gane ba, in zawon ya riga ya zo fa, me zan fara yi kafin in isa likita?

Infirmiye_Habu:
Ruwan gishiri da sukari na leda, SRO, leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, kurɓi-kurɓi bayan kowane zawo, a zubar da abin da ya kwana ya yini. In babu ledar: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, kada a ƙara. Da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14 ko zawon ya tsaya, tana rage dawowarsa a watannin da ke biye. Kada ki daina nono ko abinci. In kin ga jini a kashin, ko idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko jikinsa ya saki, ko da zazzaɓi, kada ki jira safiya. Kafso na masu talla kuma a bar shi, yawancin zawon yara ba ya buƙatarsa.

Sani_Kabukabu:
Duk na ji. Amma ko kun wanke hannu sau ɗari, ku dubi kwatar da ke bin layinmu da bolar da ke bakin makarantar allo. Ruwa ɗaya in ya sauka duk a ƙofar gidajenmu yake tsayawa, can yara ke wasa. Wannan ba aikin uwa ɗaya ba ne, aikin magajin gari ne.

Ɗan_Gulbi84:
Aikinsu ne, kuma a rubuta musu ta hannun mai unguwa. Amma kafin su zo, mu a layinmu gayya muke yi ran Lahadi bayan asuba, kowane gida namiji ɗaya da shebur ko manjagara, a tara ɗari-ɗari a biya mai amalanke ya kwashe abin da aka fitar, don in an bar shi a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi. Sani, in layinku zai yi, ina da baro biyu da zan ara muku.

Sani_Kabukabu:
Lahadi da safe ita ce kasuwata. In za a mayar da ita Juma'a da hantsi, zan nemo mutum biyar.